Ƙarin muƙamuƙi ba kansa (ciwon daji) ba ne, to don mi za a yanke ƙashi?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Daga Maradi nike. Ƙanena na da kumburi a muƙamuƙin ƙasa ya kai shekara 3, ba ya mishi ciwo. An yanki tsoka an auna, takarda ta ce ameloblastoma, ba kansa ba ne, kuma Ki-67 ɗin kaɗan ne. Amma sun ce sai an yanke ƙashin. In abun ba ya saurin girma ba za a iya ƙyale shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki-67 wani furotin ne da ke cikin ƙwayar halitta lokacin da take shirin rabuwa biyu, in ta zauna tana hutawa ba a ganin shi. Sai a sa ma tsokar da aka yanka rini, a duba da madubin likita a ƙirga cikin ƙwayoyi 100 nawa suka kama rinin. A ameloblastoma yawanci ba su kai 10 ba, alhali a kansa mai zafi ana iya ganin fiye da rabi. Shi ya sa ya shekara 3 yana tahiya a hankali.

Amma wanga lissafi sauri kawai yake auna, bai faɗin inda ƙarin ya kai. Shi ameloblastoma daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori yake tasowa, wajen kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa, can baya gun turamen haƙora, kuma ba ya zama dunƙule guda, yana kutsawa cikin ramukan ƙashi kamar gara cikin katako, har ya wuce iyakar da ake gani a hoton radiyo. In aka kankare shi kawai, ƴan ƙwayoyin da suka saura su ci gaba da rabuwa sannu sannu, bayan shekara 5 ko ma 10 sai ga kumburi ya dawo, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya ƙwarai. Don haka ake yanke shi haɗe da lafiyayyen ƙashi santimita 1 zuwa 1.5 kowane gefe, a cike gurbin da ƙarfen titaniyom ko ƙashin ƙwauri ko na ƙugu.

Akwai wani irin ameloblastoma mai kama da jakar ruwa guda cikin ƙashi, ya fi kama matasa, shi wani lokaci ƙaramin aiki ya isa. Ki tambayi likitan shi wane iri ne ke rubuce a takardar, ku yi sikana, wato hoton da ke nuna cikin ƙashi daki-daki, in ba a yi ba.

Abun da ke ci min rai shi ne jira. Tunda babu ciwo sai a tahi gun wanzami a yi sakiya, ko a yi ta shafe-shafe, babu mugunya a ciki balle ta hita, sai dai a ja mishi ruɓa. Kullum yana cin ƙashi, haƙora su fara girgiɗi, tauna ta gagara. Don Allah hajiya kar ku bari wata damina ta iske shi ba a yi aikin ba, kuma bayan aiki ya riƙa komawa ana ɗaukar hoto duk shekara.