Ajiye tiyon nan tukuna

Wai furen nan mai ruwan ɗorawa ya yi yaushi da azahar, ko ka ƙara masa ruwa? Ajiye tiyon, ɗana. Ka fama mini tsohon miki.

Furen magariba ne, asalinsa daga Amurka. Sai rana ta faɗi yake buɗewa, kana tsaye ganyen furen zai warware a gabanka. Washegari in rana ta take sai ya langaɓe, wani sabo ya maye gurbinsa da yamma. Halinsa ke nan, ba ƙishi ba ne.

Shekarun baya wani attajiri ya ba ni aikin lambun gidan hutunsa a Hada, nan kusa da Ɗa'ifa. Guda 120 na raina daga iri da hannuna. Na haƙa wurin, na cakuɗa ƙasar da rairayi da tsakuwa don kar ruwa ya kwanta. Sun kama gwanin sha'awa. Sai mutumin ya hawo daga Jidda wata Juma'a, rana tsaka, ya tarar duk sun sunkuyar da kai. Ko kirana bai yi ba. Ya sa maigadi ya riƙa sakar musu ruwa safe da yamma. Bayan mako biyu na je, na tsige ɗaya, saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta dame a tafin hannuna tana wari. Ya dubi tsabar idona ya ce mataccen kaya na kawo masa, ya danne mini riyal 3,000. Har yau in na bi hanyar Hada zuciyata tafasa take. Da ma magariba ɗaya ya jira!

Saiwarsa ɗaya ce doguwa kamar karas, a nan ransa yake. Tana jure fari, jiƙa ce ajalinta, kuma ba ta son a tsige a sake mata wuri. Shuka da sa taki kuwa, in sai na koya maka to ka canza sana'a. Amma ka lura wajen sayen iri: akwai wanda ke fure a shekara ta 2 ya mutu, ba shi muke so ba. Namu in sanyin Ɗa'ifa ya busar da ganyensa, kar ka tone, daga gindi zai sake tohowa.

Ku yaran yanzu waya a hannu, ku ɗauki hoto ku tambayi intanet, ba mai durƙusawa. Cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, bar shi. Bayan sallar magariba ka zo nan ka tsaya ka gani.