Amsar malamin lissafi ga tambayar Alhaji

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryar da ka aje jiya da dare, wai yaronka ya ci maki 70 a lissafi a JSS 2, amma da ka nuna mashi jadawalin farashin kaya ya kasa ce maka komi, ko lesin za ka ƙara mashi. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Yaron nan ba ya rasa lissafi ba ne, an koya mashi aikin hannu ne ba a koya mashi tambayar lamba ba.

Bari in ba ka misalin da nake ba ɗalibaina kullum. Manoma biyar nan Aliero sunka cire albasa. Huɗu kowa ya samu buhu 10, na biyar mai injin ban ruwa ya samu buhu 60. In ka ce wa yaro ya fid da matsakaici, nan take zai tara, 100, ya raba biyar, 20. An ba shi maki, an tafa mashi. To sai in ce, cikin mutanen nan biyar wa ya samu buhu 20? Aji ya yi tsit. Babu ko ɗaya! Mutum guda ne ya ja lambar sama. Wanda ya fahimta zai jera su, ya ɗauki na tsakiya, ya ce gaskiyar manoman nan buhu 10 ce. Min (wato matsakaici) da midiyan (na tsakiya) da mod (lambar da ta fi yawan fitowa) duk suna cikin manhajar JSS, yara sun haddace su kamar karatun allo, amma yaushe ake amfani da wanne, wannan ba a tsayawa kanshi.

Kuma albasar nan dai, ka san yadda take. Lokacin kakarta ta faɗi warwas, damina ta yi tashin gwauron zabo. A ce buhu na naira 20,000, ya hau da kashi 50 cikin 100, ya koma 30,000. Sai ya sauka da kashi 50. Tambayi yaro, zai ce ya dawo 20,000. A'a, 15,000 ne. Wallahi har manya na faɗawa ramin nan. Amma yaron da ke taya babanshi ciniki a kasuwar Jega, in da kuɗi a hannunshi, ba ya kuskure wannan. Ka ga ke nan kan yaran lafiya lau, takarda ce ta rabu da kasuwa.

Abin da ke ci mani rai, akwai makarantar da na taɓa koyarwa, ba zan faɗi suna ba. Kowace shekara sai a tura darasin ƙididdiga ƙarshen zango na uku, lokacin da anka shiga haramar jarabawa. Ƙarshenta a zana da'ira a allo a yanka ta gida-gida, yara su kwafa, shi ke nan an gama. Na roƙi a bar ni in sa su auna tsawon junansu da igiya su yi jadawali da kansu, aka ce ɓata lokaci ne, BECE, jarabawar gama JSS 3, ba ta tambayar haka. Igiya fa! Ko sisi ba za a kashe ba. Ga kuma tambayoyin duk da Turanci, yaro bai gane mi anka tambaye shi ba balle... to, wannan zance ne na wata rana.

Abin da za ka yi, Alhaji, ba shi littafin cefanen gida na wata guda. Ya rubuta kuɗin mudun shinkafa duk ranar kasuwa, ƙarshen wata ya gaya maka wane mako ya fi tsada da nawa, kuma in ya ba ka matsakaici ka tambaye shi ko akwai ranar da anka saya a wannan kuɗin. Fara gwada shi da na manoma biyar ɗin yau da dare, ka turo mana abin da ya ce.