Anti, rayuwata kullum abu ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ni dai ba wata babbar matsala gare ni ba, lafiyata lau kuma ina da aiki, amma kullum abu ɗaya ne, in tashi in tafi aiki in dawo in riƙe waya har bacci ya kwashe ni, sai in ji rayuwar ba armashi sam. Ko sai na yi wata doguwar tafiya ko na sayi wani babban abu sannan zan ji daɗi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tafiya da sayayya suna da daɗi ba ƙarya, amma daɗin ba ya jimawa don sabo yana cinye shi. A 1978 wani mai bincike a Amurka, Philip Brickman, shi da abokan aikinsa suka tattauna da mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a lotare, sai suka tarar ba su wani fi sauran mutane farin ciki ba, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙananan abubuwa irin su hira da aboki ko a yaba musu ma sun fi yi wa sauran mutanen daɗi a kan su.

Ni a ganina abin da ke damun ki hankali ne da ba ya zama wuri ɗaya. A 2010 masu bincike biyu a jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun gano kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin mutum hankalinsa na wani wurin daban ba kan abin da yake yi ba, kuma a irin wannan lokacin ne jin daɗinsa ke raguwa. To ki ɗora waya a kai kuma.

Ki zaɓi abu ɗaya tak cikin abubuwan da dama kina yi, ki yi shi ba waya a hannu. Misali in kin dawo aiki a gajiye, ki cire takalmi ki zauna, ki bari ƙafarki ta ji sanyin ƙasa, ki sha ruwa a hankali kina jin yadda yake sauka, kar ki yi saurin miƙewa, minti biyar ma ya isa wallahi. Da safe ki fita ko ki buɗe taga hasken rana ya taɓa ki, wannan hasken shi ke saita agogon jiki har baccin dare ya gyaru. Sannan ki riƙa kiran mutum ki ji muryarsa da dariyarsa maimakon tura saƙo kullum, wannan ni ba na wasa da shi. Wata rana ki canza hanyar da kike bi, ido na gajiya da abin da ya saba gani.

Amma fa ki lura, in kin kai sati biyu ko fiye babu abin da ke ba ki sha'awa har abubuwan da da kike so, ga bacci ko cin abinci ya rikice, to wannan ya wuce gajiya da sabo, yana iya zama ciwon damuwa kuma ana maganinsa, ki je ki ga likita kar ki ji kunya. Ki sake rubuto min in ji yadda ake ciki.