Kwanon baƙin mai na hannu, in saya ko in haƙura?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah tsohuwar motata ce ta daki dutse, kwanon baƙin man da ke ƙasan inji ya tsage, kullum sai na tarar da mai a ƙasa. Sabo ya gagara samu, na hannu zai yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Zai yi mana, ai ba abu ne mai juyawa ba balle ya cinye. Amma kar ka saya da sunan mota kawai, lambar inji za ka bi, in da hali ma ka tafi da tsohon a jera su a ƙirga ramukan noti. Ka kife shi kan gilashi ka ga ko bakin ya zauna daidai, in ya karkace ko gaskit (abin da ake sawa tsakanin bakin kwanon da inji don hana yoyo) nawa ka sa sai ya yi yoyo. Ka ɗaura notin juye mai da hannunka ka ji ko zaren ramin notin yana kamawa da kyau, nan mutane ke shan wahala wallahi, musamman na alminiyam. Wanda gindinsa ya lotsa ka barshi, yana iya toshe bututun da ke zuƙo mai, inji ya buga. Ka zuba wa wanda za ka saya kananzir ya kwana, tsaga ba ta ɓuya. Gaskit kuma sabo dan Allah.