Tsadar kaya da bushewar shaguna a Sakkwato: amsa daga bayan kanta

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Ka tambaya ko mu masu shago ne ke ɓoye kaya, tun da ka zaga shagunan unguwarku neman madarar gwangwani da irin sabulun da iyalinka suka saba ba ka samu ba, ka kuma nemi a ba ka dabarar da mai albashi zai bi ya ga ƙarshen wata. Na ga wasu sun amsa maka da cewa rashin tsoron Allah ne na 'yan kasuwa, shi ke nan. Ni tireda nake yi a Mabera tun kafin a rufe boda a 2019, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga bayan kanta, sai ka auna da kanka.

Abin da ke busar da shagon unguwa jari ne da ya narke. A ce na saro katan goma na taliya, kowane dubu goma. Na sayar, na ɗora ribar naira ɗari biyar a kan kowane katan, na tara dubu ɗari da biyar. Na koma wurin dila, sai ya ce yau katan dubu goma sha uku ne. Kuɗin da ke aljihuna katan takwas za su ɗauko. A littafi na ci riba, a kan kanta na yi asarar katan biyu, kuma ban ci ko sisi a ciki ba, ban biya haya ba, ban sallami yaron shago ba. In aka yi maka haka sau uku a jere, kaya sun koma rabi. Abin da ya same mu ke nan daga tsakiyar 2023 har ƙarshen 2024. Akwai lokacin da sai na buga waya Kano na ji yadda Kasuwar Singa ta tashi kafin in buɗe sabon katan, domin dila da kansa cewa yake, farashin yau ne wannan, na gobe sai Allah.

To idan jari ya ragu, wane kaya za ka fara saki? Wanda ke kwana a kanta. Madarar gwangwani, babban ƙunshin famfas, sabulun wanka mai tsada, man shafawa. Sai ka riƙe abin da ke juyawa kullum: sukari, magi, gishiri, taliya, man gyaɗa, madarar leda. Da safe yaro zai zo da ɗari biyu a dunƙule a hannu, ya ce a ba shi sukari da madara da ganyen shayi, in da canji a ba shi magi. Irin wannan cinikin ne ke riƙe da shago yanzu. Gwangwanin da kake nema sai ya yi sati biyu ba a taɓa shi ba, kuma kuɗinsa sun isa in sayo abin da zan juya sau biyar. Ga kuma kayan da su kansu kamfanonin suka bari. A 2023 Unilever ya sanar da daina yin Omo da Sunlight da Lux a Najeriya, a ƙarshen shekarar kuma masu Ariel da Pampers suka ce sun daina sarrafawa a nan, sai dai su shigo da shi daga waje. Watakila sabulun da uwargida ta saba yana cikin irin waɗannan.

Abu na biyu da nake so ka raba a ranka, kayan kasuwa iri biyu ne, kuma kowane da abin da ke kora shi. Akwai kayan kamfani, akwai kayan gona.

Kayan kamfani dala suke bi. Alkamar da ake yin fulawa da taliya da burodi kusan duka daga waje take zuwa, ɗanyen sukari yawancinsa daga Brazil, garin madara ma daga waje yake zuwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kamfani bai ƙara komai a cikin leda ba, amma abin da ya biya ya ninka uku. Daga nan sai mota. Mu a Sakkwato ƙarshen layi muke, daga Legas zuwa nan ya fi kilomita dubu, tirela kuma man gas take sha, wanda tun 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren ya yi tashin da bai dawo ba. Kayan da suka biyo ta Kano kuwa sai sun ratsa Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, hanyar da direba mai hankali ba ya bi da dare. Kwanan da mota ta yi a hanya da abin da aka miƙa a shingaye, duk a kan katan ake raba shi.

Kayan gona nasu ya fi ciwo, domin a ƙofar gidanmu ake noma su. Duk wanda ya san gabashin jihar nan ya san abin da Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah da Wurno ke fitarwa na gero da wake da albasa da tafarnuwa. Yau akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona, a sake biya kafin a girbe, akwai kuma waɗanda mutanensu suka watse gaba ɗaya. Wasunsu suna nan cikin gari, a kangwaye da gidajen 'yan'uwa. Mutumin da a da yake kawo dame kasuwa, yau shi ke tsaye gaban mai awo da kwano. An rage mai sayarwa an ƙara mai saye, a mutum ɗaya. Ba a manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, tun daga irin waɗannan abubuwan fatake da yawa suka rage shiga kasuwannin ƙauye. Ta yamma ma ga 'yan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu. Sai kuma fetur. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da ɗari biyu zuwa sama da ɗari biyar, a 2024 ta haura dubu. Mutane motar haya da Keke Napep kawai suke tunawa, suna manta injin ban-ruwa. Mai noman rani a fadamar Rima fetur yake ba albasarsa da tumaturinsa kafin ruwa ya kai gare su, haka mai injin niƙa da mai casar shinkafa kowa da man da yake ƙonawa.

Ga Nijar kuma, wadda mutanen Kudu ba sa sa ta a lissafi, mu kuwa Illela da Ƙonni kamar unguwa ɗaya ce. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Wake da dabino da dabbobin da ke gangarowa suka ragu. A ɗaya hannun, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, da a da ba ta kai naira dubu ba, a 2024 ta haura dubu biyu, sai hatsinmu ya zama araha ga mai sefa, ya riƙa tsallakawa ta hanyoyin daji. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar kuma suka hana fitar da hatsinsu sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 gab da layya suka hana fitar da dabbobi. Ba mamaki da a watannin ƙarshen 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna Sakkwato ce kan gaba a hauhawar farashin abinci, sama da kashi 50 cikin ɗari a shekara. Albashi mafi ƙaranci da aka sa wa hannu a Yulin shekarar dubu 70 ne, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi shi.

Ban ce babu masu ɓoye kaya ba. Akwai su, amma ba a shagon da ya fi ɗakin kwana ƙanƙanta za ka same su ba. Mai ɓoyewa shi ne mai kuɗin da zai cika sito da kaka ya sa kwaɗo ya tafi harkarsa sai bazara. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a kasuwar hatsi ta Dawanau kan wannan zargin. A cikinmu ƙanana kuma laifin da ke akwai shi ne saurin ɗagawa da nawar saukewa. Wani da gaske tsohon kaya ne a hannunsa da ya saya da tsada, in ya sauke ya karye. Wani kuwa ya sayo sabo da sauƙi amma ya yi shiru tun da maƙwabcinsa bai sauke ba. Wannan na biyun ba ni da abin da zan kare shi da shi, ka bar shagonsa kawai.

A 2025 hatsi ya sauko, kowa ya gani, bayan gwamnati ta ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake, dala kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya. Mun ji daɗi, amma ni ban saki jiki ba. Taki bai sauko tare da hatsi ba. Manoman da ke zama a benci na da yamma suna lissafin buhun masara nawa za su sayar kafin su sayi buhun taki ɗaya, wani dattijo daga cikinsu ya ce, wagga shekara gero da wake kawai zan yi, su ba su cin taki. Idan masu irin wannan tunanin suka yi yawa, sauƙin ba zai daɗe ba.

Yanzu ga maganar dabara. Tun da kayan gona kaka suke bi, kada ka saye su wata-wata in da hali. Gero na shigowa wajen Satumba, wake Oktoba zuwa Nuwamba, dawa ta biyo baya. Daga nan farashi yake fara hawa a hankali, ya kai ƙololuwa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa manomi kansa ya koma awo. Na san albashin malamin makaranta ba zai ɗauki buhu uku rana ɗaya ba. Abin da na ga ya yi wa mutane aiki shi ne haɗa kai: malamai huɗu ko biyar a makaranta ɗaya su yi adashi daga watan Yuli, kwasar ta faɗo a kaka, a tura mutum ɗaya da ya san awo zuwa kasuwar Kara, ko ta Achida ranar Laraba, a sayo a raba. Kuɗin mota ɗaya, ɗan dako ɗaya. Wanda za a tura ya tafi da kwanonsa, domin kwanon kasuwa wani an bubbuge gindinsa, ya kuma zura hannu har tsakiyar buhu, kada ya tsaya ga abin da aka shimfiɗa a baki.

Ajiya ita ce inda mutane ke asara. Gero in ya bushe sosai ba shi da rigima, a ɗora shi kan katako kada ya taɓa siminti. Wake ne mai ƙwari. Ka nemi buhun nan mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi da ba ta shan iska, a cika ta fal a rufe, ƙwarin da ke ciki su mutu da kansu. Don Allah kada a zuba masa fiya-fiya, abincin yara ne.

Kayan miya ma kalandarsu daban. Tumatur da tattasai suna faɗuwa da sanyi zuwa farkon zafi, daga Janairu zuwa Maris, albasa kuma kakarta Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ne za ka je kasuwar Ramin Kura ka ga kwando ana roƙon a ɗauka. Iyayenmu yanka shi suke yi su shanya ya zama kauɗa, su daka gabu, su busar da kuɓewa da tonka. Matan yanzu da yawa sun raina kauɗa, sai damina ta faɗi ka ga ana sayen tumatur huɗu a farashin da ya isa kwano a watan Fabrairu. In an shanya shi kan tabarma mai tsabta ba a ƙasa ba, aka jiƙa aka markaɗa da albasa, miyarsa ba ta da abin kushewa. Albasa ce kawai ba na ba da shawarar a tara da yawa a gidan haya, tana son rumfa mai iska, a ɗaki ruɓewa take.

Kayan kamfani kuwa kada ka ci bashi don ka tara su, tun da dala ce ke jan su, ita kuma ba ta da kaka. Sukari ne kaɗai na ce a saya da wuri, wata ɗaya ko biyu kafin azumi. Ka kuma rage sayen leda-leda in za ka iya, domin mai sayen ƙullin hamsin-hamsin shi ya fi kowa biya da tsada in aka tara. Rabin katan na taliya ku biyu da maƙwabci a Babbar Kasuwa ya fi ɗaya-ɗaya a wurina, ko da yake cinikina nake ragewa da na faɗa maka haka. Sabulun da ya ɓace kuma a gwada na kamfanonin gida, wasu ba su da laifi.

Saura maganar littafin bashi, don na san yawancin ma'aikata da shi suke kai ƙarshen wata. Ka tsaya ga mai shago ɗaya, ka sa ya rubuta kuɗi ba kaya ba, da kwanan wata, a gabanka. In albashi ya shigo ka fara da shi ko da rabi ne, in an yi jinkirin biya ka je ka faɗa masa da bakinka maimakon ka canza hanya. Bashin da ya kwana wata biyu a wannan zamanin ko an biya shi cif ba ya sayo kayan da aka ɗauka. Kuma in akwai abin da gidanka ba ya yi sai da shi, kamar madarar nan ta gwangwani, ka gaya wa mai shagon yawan da kake ɗauka a wata, ka ba shi wani abu ya riƙe. Ranar da zai shiga kasuwa sari zai sa maka ita a cikin kayansa.