Ina zan kai yarana su sha iska?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekara biyu ke nan da aiki ya kawo maigidana babban birni. Muna zaune a hawa na uku, ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida. Yarana uku, babbar tana da shekara tara, autan bai cika uku ba. Daga makaranta sai gaban talabijin, sai rigima. Akwai wani katafaren wurin shaƙatawa da kowa ke yabo, amma kafin mu isa sai mun yi awa ɗaya da rabi a cunkoson motoci, mu dawo a jigace. Sau biyu kacal muka je bara. Ina jin kamar ina tauye musu haƙƙi. Yaya zan yi?
Maman yara uku

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, uwar da ke tauye haƙƙin 'ya'yanta ba ta zama ta rubuto irin wannan wasiƙa. Na yi zaman gidan sama tare da 'ya'ya huɗu, na san yadda falo ke ƙanƙancewa idan yamma ta yi.

Ni ma a lokacin na ɗauka fita da yara sai an shirya, an shiga mota, an je wurin da ke da suna. Wata rana ina dawowa daga asibiti da ƙafa, na bi wani lungun da ban saba bi ba, sai ga ɗan fili a bayan wata katanga: bishiyoyi bakwai, benci ɗaya da ya rasa hannu, ciyawa nan da can. Na duba agogo har gida, minti takwas. Daga ranar kusan kullum muna can da yamma ta yi sanyi. Ɗana na biyu ya kwashe makonni a tsugune yana bin layin tururuwa har raminsu, 'yar babbar kuma ta san bishiyar da ke fara zubar da ganye. Yau duk sun girma, kuma idan hira ta kai ga yarinta, wannan filin suke ambata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dalilin da ya sa na nace a kan na kusa shi ne jikin yaro kullum yake buƙatar motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 a rana yana wasan da zai sa shi haki, irin su autanki kuwa minti 180 a warwatse cikin yini. Zuwa sau biyu a shekara ba zai biya wannan ba, komai kyawun wurin. Ga kuma batun ido. A Taiwan, ganin yadda raunin gani daga nesa ke yaɗuwa tsakanin 'yan makaranta, a 2010 aka fara tura makarantu su riƙa fitar da yara waje awa biyu a rana, kuma adadin da ya daɗe yana hawa ya fara sauka. Hasken fili ya ninka na cikin ɗaki nesa ba kusa ba, ko da a inuwar bishiya kike.

Ke ma kina da rabo. Masana a Jami'ar Exeter sun yi nazarin mutane kusan 20,000 a Ingila, suka wallafa a 2019 cewa waɗanda ke samun minti 120 a mako cikin tsirrai sun fi bayar da rahoton ƙoshin lafiya da natsuwa, a zama ɗaya suka yi ko kaɗan-kaɗan.

To, ki buɗe taswirar wayarki, ki juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ki nemi duk wani kore da ke cikin tafiyar minti goma daga ƙofarki. Kada ki tsaya ga abin da aka kafa wa allo. Harabar jami'a, farfajiyar ɗakin karatu, lambun renon shuke-shuke, duk ki tambayi masu gadi ko ana barin iyali su shiga. Ki fara zuwa ke kaɗai a daidai lokacin da za ki riƙa kai su, ki ga su wa ke zama a wurin, ki duba fasassun kwalabe, buɗaɗɗiyar kwata, da kusancin titi. Idan akwai ruwa, ko bai kai gwiwa ba, hannunki na kan autan. Lilo ko abin zamiya na ƙarfe kuwa, ki ɗora tafinki a kai kafin yaro ya hau, don rana na mayar da shi kamar garwashi.

Ki ajiye jaka ɗaya a bakin ƙofa da gorar ruwa, ƙwallo da tabarma, saboda yawancin fita a wurin neman takalmi da kaya take mutuwa. In kin samu maƙwabciya mai yara, ku riƙa karɓa-karɓa. Babban wurin nan kuma ki bar shi ga hutu, ku isa da sassafe ana buɗe ƙofa.

Tambaya: Hajiya, ɗana mai shekara goma sha huɗu ya daina bin mu fita, wai wurin na ƙananan yara ne. In tilasta masa?
Wani uba

Amsa: Malam, kada ka tilasta masa, gaskiya ya faɗa, ya wuce lilo. Ka ware masa safiya ɗaya ku biyu kawai, ku yi doguwar tafiya ko ku hau keke, ka bar shi ya zaɓi hanya, ya zo da abokinsa in yana so. Nawa a irin wannan tafiyar, muna jere ba mai kallon fuskar wani, ya fara gaya mini abin da ke damunsa a makaranta.