Ranar Kotoko da Hearts, ka naɗe tabarmar kayanka

Wani matashi ɗan Funtuwa da ke zaune a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ya rubuto mini hankali a tashe. Rigunan ƙwallo da huluna yake sayarwa a bakin filin wasa na Baba Yara. Kwana 90 da aka buga masa a iyaka sun daɗe da wucewa. A wani wasa an yi jefe-jefe, 'yan sanda suka kwashi duk wanda hannunsu ya kai, shi da ƙyar ya sha. Yanzu wani ejan ya ce zai samo masa Ghana Card na ɗan ƙasa da sunan wani gida a zango. Yayansa kuma ya bugo waya ya ce kada ya kuskura ya bar ciniki ranar wasan Kotoko da Hearts, don kuɗin kayan ɗakin ƙanwarsu ake jira.

Ƙanena, ka fita harkar ejan ɗin nan yau, kada ka bari sai gobe. Na ga irin wannan ya faru ba sau ɗaya ba. A karɓi kuɗin yaro, a haɗa shi da wani dattijo ya rantse cewa ɗan ɗan'uwansa ne. Katin ya fito, ya yi rajistar layin waya, ya buɗe asusun banki, yana ganin ya tsira. Ranar da aka tsare shi kan wata rigima da ba tasa ba, jami'i ya tambaye shi inda ya yi firamare, ya kasa amsawa. Laifin wuce wa'adi, wanda tara ke kashewa, ya koma laifin yi wa hukuma ƙarya, ga hoton yatsunsa a kwamfuta. Ejan ya kashe waya. Dattijon da ya yi rantsuwa shi ma ya shiga uku. Kai ɗan Najeriya ne, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka hanya: ka je ofishin shige da fice na Kumasi da ƙafarka, da fasfonka, ka biya abin da aka yanka maka a ba ka rasit, ka nemi izinin zama da katin baƙi wanda ake sabuntawa duk shekara.

Adawar ƙungiyoyin ƙwallon nan biyu, Asante Kotoko ta Kumasi da Hearts of Oak ta Akara, ta girme mu duka. An kafa Hearts a 1911, Kotoko a 1935. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Akara, magoya baya suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, mutum fiye da 120 suka mutu a turereniya. A Fabrairun 2025 ma an daɓa wa wani mai goyon bayan Kotoko wuƙa har lahira a wani wasa a garin Nsoatre, sai da aka dakatar da gasar. Ɗan gari in an kama shi, kawunsa zai zo beli kafin magariba. Kai wa zai zo? Ka kuma tuna dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa talla da ƙaramin ciniki a kasuwa, shi ya sa aka sha rufe shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame ta Kumasi. Ko babu rigima, tabarmarka a bakin fili ba ta da madafa.

Maganar Yaya kuwa, da girmansa, bai kyauta ba. Wanda ke zaune a Funtuwa bai san ƙaurin barkonon tsohuwa a Kumasi ba, cinikin yini ɗaya kawai yake lissafawa. Zumunci wajibi ne, amma babu inda aka ce ka sayar da ranka don gado da katifa. Kada ka yi masa rashin kunya. Ka kira Hajiya da kanka, ka gaya mata halin da takardunka ke ciki, ka faɗi abin da za ka iya aikowa wannan watan, ragowar ya tafi wurin gyaran zama. In an ɗaga biki, an ɗaga. Kayan da suka rage kuma ka saukar da su a sari ga mai shago a kasuwar Kejetia kafin ranar wasan.